Inda Ƙaiƙayi Bai Sauka Ba

Ramlatu 'yar Unguwar Gai ce, ta ƙasar Kibiya, aure ne ya kai ta Rurum Tsohon Gari. Ta gama sakandare, amma in ka tambayi mutanen Rurum abin da suka san ta da shi, shiƙa za su ce maka. Ba ta ɗaga ƙwaryar hatsi sai ta fara jin ta inda iska ke busowa. Mijinta Uzairu, direba mai jigila tsakanin Rano da Kano, shi kam Allah bai ba shi wannan basirar ba. Duk kaka in ya kawo buhuna masussuka, sai ya je ya tsaya daidai inda ƙaiƙayi ke sauka yana zuba surutu. Takan ce, "Baban Sharifa, matsa daga nan mana!" Ina! Ba ya matsawa sai ya yi fari fat.

Da tsakiyar daminar bana motarsa ta kife. Aka kawo shi, aka kai shi, Ramlatu ta shiga takaba idonta a bushe. Mutane dai, ba a raba su da magana. Har cewa aka yi dama ba son sa take ba. Ita ko a jikinta. Abin da ke damun ta, ta kasa tuno fuskarsa. In ta buɗe hotonsa a waya sai ta ga kamar wani baƙo ne ya sa hularsa. Tana tsoron haka za ta ƙare, ta rasa shi sau biyu.

Yayanta Mukhtar, malamin makaranta a Kano, ya zo ya tarar da ita ta zuba wa bango ido. Ya karɓi wayarta ya buɗe mata wani shafi da ake neman 'yan sa-kai. Ya ce hotunan ƙanƙarar ƙuryar kudu ta duniyar Mars ne, wata na'ura da ke kewaya duniyar ce ke ɗaukowa. Masana na ganin in sanyi ya fara wucewa rana kan ɗumama ƙasan ƙanƙarar, iskar da ta taru a ciki ta fasa ta fito da baƙar ƙura, iskar waje kuma ta shimfiɗa ƙurar gefe guda. Aikinta ta ɗora yatsa inda ƙurar ta faro, ta ja zuwa inda ta ƙare.

"Yaya, ai wannan shiƙa ce," in ji ta.

"To yi ta shiƙa, ya fi kallon bango."

Ta yi ta kuwa. Ba daɗi take ji ba, ba kuma rashin daɗi ba. Hoto ya zo ta ja, wani ya zo ta ja. Kaka ta shigo, tana jiyo taɓarya daga masussuka tana daga ɗaki. Surukarta Nana Khadija kan ajiye mata kunu, ta dawo ta ɗauke shi ya huce.

Wata hantsi sai ga wani hoto daban. Ƙurar ta bazu yadda ta saba, amma a tsakiyarta akwai ɗan ɗigo, bayansa kuma fili fari tas, siriri, ko ƙwayar ƙura babu. Ta kira Mukhtar.

"Wataƙila dutse ne ko tudu ya tare ƙurar," in ji shi. "Ni ma ban sani ba. Sa masa alama, masu aikin su duba."

Ta katse kiran ta koma kan hoton. Ita ta san irin wannan filin. Haka ƙasa ke zama a bayan Uzairu duk kaka: ƙaiƙayi ko'ina, ban da inda jikinsa ya tare.

"Matsa daga nan mana," ta ce a hankali.

Sai ga fuskar Uzairu nan a idon zuciyarta, wallahi, ƙaiƙayi a gira da gemu, ya runtse ido ɗaya, yana dariya har da wushiryarsa.

Nana Khadija na tankaɗe a tsakar gida ta jiyo kukan Ramlatu. Maƙwabta biyu suka taso a guje, ta ɗaga musu hannu suka tsaya. Ta ajiye rariya, ta je ta saki labulen ɗakin, ta zauna a bakin ƙofa.