Ƙwallon da Mongezi Ya Tare da Ƙirji

Duk wanda ya taɓa yin aski a Tembisa, a layin da ke bayan tashar motocin haya, ya san shagon Mongezi Faleni, ya kuma san ba don iya askin ake cika shi ba. Askinsa dai ba yabo ba fallasa. Bakinsa ake zuwa saurare. Shekara ashirin da takwas yana cikin kwantenar nan mai fentin rawaya, launin ƙungiyar da yake goyon baya, yana yanke gashi yana yanke hukunci a kan ƙwallon ƙafa. In kuwa ana son a ga ya kashe injin aski ya riƙe ƙugu, to wani ya ambaci zari-ruga.

"Wai wannan shi ne wasa?" in ji shi. "Ƙwallo kamar ƙwan da kaza ta saka tana cikin fushi! Ƙato goma sha shida su cusa kai a gindin juna, alƙali yana tsaye yana kallo. Kana son zuwa gaba, sai ka jefa baya. In dabara ta ƙare maka ka harba waje, a tafa maka. Mu in ɗan wasanmu ya yi haka, a ƙasa zai koma gida."

Sai shago ya kaure da dariya, wanda aka yi wa rabin aski ya manta da kansa.

Abin bai tsaya a shago ba. Kowace Litinin da yamma yakan buga waya gidan rediyo, a shirin wasanni da ake yi da harshen Xhosa, har mai gabatarwa ya san muryarsa. Da ya ji ta sai ya ce, "Jama'a ku gyara zama, ga Mai Askin Tembisa." A nan ne wata rana ya wuce gona da iri, ya bar wasan ya koma kan masu shi. Ya ce al'adarsu kaf ita ce tsofaffi masu murɗaɗɗun kunnuwa su sa kwat mai tambari, su yi wa ƙwai waƙa. Ya ce wanda Allah bai ba ƙafa ba shi ke ɗaukar ƙwallo a hannu.

Abin da ba wanda ya sani a Tembisa shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin nan masu kwat mahaifinsa ne.

Velile Faleni ya yi shekara goma sha tara yana sa lamba tara a ƙungiyar zari-ruga ta ƙauyensu da ke bayan garin Qonce, shi ne ɗan ƙaramin da ke zaro ƙwallo daga ƙafafun ƙattai ya wurga wa masu gudu. A fili mai tsakuwa suka yi wasansu, a zamanin wariyar launin fata, lokacin da ba a barinsu su taka ciyawar filayen gari. Mongezi yana ɗan shekara goma aka sa shi wasansa na farko, aka kwashe shi aka buga da ƙasa, hanci ya fashe, ya tashi ya ruga gida. Uban bai yi masa faɗa ba, bai kuma sake kai shi fili ba. Da Mongezi ya zo birni yana saurayi, abokan ɗakinsa suka ji daga inda ya fito, suka ce, "Kai ma cikin masu birgima a ƙasa kake?" Ya ce shi bai taɓa ko taɓa abin ba. Suka yi dariya, ya ga dariyar ta buɗe masa ƙofa, ya riƙe ta har ta zama sana'a. Ba na ce mugun mutum ba ne. Yana aika wa gida, yana zuwa Kirsimeti. Matsoraci ne dai mai daɗin baki, kuma irinsu suna da yawa a cikinmu.

Ana saura mako uku Ista, yayarsa Nosisa ta kira shi. Ta ce ƙungiya za ta sallami Tata, wato Baba da harshensu, a gasar bana. Mongezi ya san abin da ake nufi. A ƙungiyar ƙauyensu, in tsohon ɗan wasa ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai tsofaffi su jeru a fili, ƙwallo ta bi hannu-hannu har ta iso gare shi, shi kuma ya jefa wa ɗansa, ɗan ya ruga ya dangwala ta a bayan turakun da ke ƙarshen fili. Da haka sunan gidan yake zama a ƙungiya. Wanda ba shi da mai karɓa, a ƙasa yake ajiye ta ya koma ya zauna.

"Kai kaɗai ne namiji," in ji Nosisa. "Kuma ka san tun da ciwon nan ya kama shi hannunsa na dama ba ya motsi. Ka zo da wuri ka ɗan gwada."

"Haba Sisi, in gwada me? Cafe ƙwai? Ko kakarmu sai ta cafe."

Bai gwada ba. Sai ranar Juma'ar Ista ya iso, ya sami uban a bakin ƙofa, ya rame, an goge masa kwat ɗin an rataye a ƙusa. A kan tagar ɗakinsa akwai ƙaramar rediyo. Mongezi ya murɗa ta don ya ji labarai, sai ya ji tashar da yake bugawa waya ce. Ya sami Nosisa a bayan gida tana tsince wake, ya tambaye ta a hankali ko Tata yana jin shirin Litinin.

"Ba ya wuce shi," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ƙara murya yake. Har maƙwabta yake kira su zo su ji ɗansa a rediyo."

"Har ranar da na ce..."

"Ranar ma akwai Tata Gcobani da Tata Sindile a ɗakin. Da ka gama ya kashe, ya ce in kawo musu shayi."

Mongezi ya yi kwana biyu yana jiran uban ya ta da maganar. Bai tayar ba. Abin da ya ce kawai, suna cin masara da wake, shi ne, "Muryarka tana fita sosai, ɗana." Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Lahadi bayan coci fili ya cika. Motoci sun kewaye shi, mata suna juya tuwo a manyan tukwane, hayaƙin gasasshen nama ya tashi, samari sun yi da'ira suna waƙa suna tafi. Tsofaffi goma sha ɗaya suka jeru da kwat ɗinsu. Mongezi ya dubi kunnuwansu, ya kawar da kai. Duk sun gaishe shi da mutunci, kuma duk sun san shi ne Mai Askin Tembisa.

Aka tsayar da shi taku shida a bayan uban, ta gefe. Ƙwallo ta taso daga hannu zuwa hannu, a hankali, ana kiran sunan kowane tsoho. Ta iso wa Velile. Ya miƙa wa Nosisa sandarsa, ya tokare ƙwallon a cinya, ya juya, ya sake ta da hannun hagu. Ta taho tana juyi, a miƙe, daidai cibiya.

Shi kuwa Mongezi, shekara talatin yana buga ƙwallon ƙafa duk Lahadi, shekara talatin jikinsa ya san hannu haramun ne. Kafin ya yi tunani hannayensa sun koma baya, ya ɗan durƙusa ya tare ta da ƙirji, ya kai ƙafa zai danne. Wannan kuwa ba ta san danni ba. Ta daki tsinin takalminsa ta yi tsalle hagu, ta sake yin dama, ta gangara ta tsaya a gindin tukunyar tuwo.

Waƙa ta tsaya cak. Sai wani daga bayan motoci ya ɗaga murya, "Mai Aski, ashe hannun ma ba a ba ka ba!" Dariya ta ɓarke, amma ba ta yi nisa ba, don mutane sun ga fuskar tsofaffin. Ƙwallo ta taɓa ƙasa. A wurinsu magana ta ƙare, gidan Faleni ba shi da mai karɓa. Tata Gcobani, shugabansu, ya sunkuyar da kai yana murza maɓallin kwat. Mongezi ya tsaya hannu a baya, gumi yana bin wuyansa, kunya ta rufe shi.

Velile ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Gcobani, wannan ba ta ƙirgu ba," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni na ɓata jifan. Ta yi ƙasa da yawa. Tsufa ne, ku yi mini haƙuri, a sake."

Mutanen nan sun ga jifansa tun kafin a haifi Mongezi, kuma ba su taɓa jin ya nemi a sake ba. Gcobani ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Haka ne, na gani. Ta yi ƙasa." Sauran tsofaffin suka gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta goge ƙwallon da zanenta ta kawo.

A karo na biyu Velile bai wurga ba. Ya matso har taku ɗaya, ya ɗan lilla ta a hankali yadda ake yi wa yara. Mongezi ya rungume ta da hannu biyu, ya ruga ya dangwala a bayan turaku. Aka yi tafi, waƙa ta dawo, aka kira sunan Faleni.

Da aka zauna cin abinci ya ɗauki kwanonsa ya je ya tsuguna kusa da kujerar uban. Ya kasa kai loma baki.

"Tata," ya ce, "jifan farkon nan daidai yake. Babu abin da ya same shi."

Tsohon ya ci gaba da fama da namansa da hannu ɗaya.

"Na sani," ya ce. "Wata huɗu ina koyon sa da hagu."