"Na Gode" a Bakin Gwaggo Herminda

Gwaggona Herminda Cárcamo ta shekara saba'in da huɗu a garin Coyhaique, arba'in da bakwai daga ciki a gindin murhu ɗaya ta yi su. Na ƙarfe ne, baƙi ƙirin, mai cin itace ba ƙaƙƙautawa. A kansa take girki, a cikinsa take gasa burodi, a samansa ake shanya safa. In sanyi ya kusa kashe ɗan tunkiya, a bakinsa take kwantar da shi. Marigayi mijinta yakan ce shi ne na biyu a gidan bayan murhun, kuma bai taɓa neman ƙarin girma ba.

Sai dai murhun ya tsufa, yana hayaƙi ta ko'ina, Gwaggo kuma tana tari har ta dafa bango. 'Yarta Nélida ta bugo waya daga Santiago ta gindaya sharaɗi: ko a canza murhu kafin sanyi ya kankama, ko Gwaggo ta tattaro ta koma wurinta, a bene hawa na goma sha ɗaya.

"Ni tsuntsuwa ce?" in ji Gwaggo, ta kashe wayar.

Ana haka wata ma'aikaciya ta zo da takarda. Hukuma na raba sabon murhu mai cin ƙwayoyin dusar katako masu kama da abincin zomo, amma sai ka ba da tsohon a narkar da shi. Yarinyar mutuniyar Santiago ce, ba ta san mu ba. A nan in ana zagayawa da ƙoƙon shayinmu na mate, ba ka cewa "na gode" sai ka ƙoshi, domin ma'anarsa "ya isa haka". Ita kuwa daga kurɓar farko ta ce ta gode. Ƙoƙo ya yi ta wuce ta, tana bin sa da ido.

Ta nuna hoton sabon murhun. Gwaggo ta juya shi sama da ƙasa.

"'Yar nan, ina ake ɗora buta?"

"Ba a ɗorawa, Doña Herminda. Maɓalli kawai za ki danna."

"To ai talabijin ce. Abincin zomon nan take ci?"

Aka yi bayani na rabin awa. Gwaggo ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta ce da ƙarfi, "Na gode!"

Ni da ke zaune na san kora ce. Yarinyar ta washe baki, ta yi alama a gidan "ta amince" a takardar, ta miƙa biro. Gwaggo ba tabarau, ta zaci shaidar ziyara ce, ta sa hannu. Na gani, na yi gum. Har yau ban yi nadama ba, don tarin nan yana ba ni tsoro.

Bayan sati uku wasu ƙarti biyu suka iso da mota don ɗauke tsohon murhun. Gwaggo ta ja kujera ta tare murhu, da itace a hannu.

"Duk wanda uwarsa ta gaji da shi ya matso!"

Ta ɗaga itacen, sai tari ya sarƙe ta. Ya daɗe bai sake ta ba. Babu wanda ya motsa. Da ta samu numfashi ta dubi tagarta, da kajinta, da itacen tuffa da mijinta ya dasa, sannan ta dube ni.

"Hawa nawa ta ce?"

"Sha ɗaya, Gwaggo."

Ta ajiye itacen. Ta ce su jira buta ta yi zafi. Ta haɗa mate ta zagaya da shi, ƙartin suka sha ba wanda ya yi kuskuren godiya. Da ruwan ya ƙare ta bar wutar ta mutu da kanta. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen, da sauran ɗuminsa.

"Na gode," ta ce masa.