Shekarar da Aka Shuka Riɗi a Gandu

Akwai wata mata da ke ratsa layinmu a kasuwar Dei-Dei da farantin kantu a ka, bayan an idar da sallar la'asar. Ba na saye, haƙorana sun daina iyawa. Amma in ta wuce, ƙamshin soyayyen riɗi yakan ɗan tsaya a bakin shagona, tsakanin kwanon rufi da kwalayen ƙusa. Na san abin zaƙi ne, mai karatu. Abin da yake tuna mini ne ba shi da zaƙi.

A wani ƙauye kusa da Abaji na tashi, cikin gidan gandu. In ba ka taso a irinsa ba, gandu gona ce babba ta gida duka. Kakana ne ke riƙe da ita, 'ya'yansa biyu, mahaifina da wansa da muke kira Baba Babba, suna noma ta tun daga asuba har azahar. Dawa da doya ake sa mata, abin da za a ci. Bayan azahar kowa ya nufi gayaunarsa, 'yar gonar kansa, ya shuka abin sayarwa: riɗi, gyaɗa, barkono, rogo. Matan gidan ma kowace da tata. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan ƙa'ida, amma ko mu yara mun san ta. Abin da ya fito daga gandu ba ya zuwa kasuwa.

Kowace safiya kakana yakan zauna a gindin rumbu da ƙwaryarsa, ya auna wa matar da ke da girki hatsin ranar. Murhu ɗaya ne a gidan, tukunya ɗaya, baki sama da ashirin. Duk wanda ya ji yunwa ya san inda zai kalla, wajen da hayaƙi ke tashi.

Tsohon yana da wata ɗabi'a da 'yan kasuwa ba sa so. In an faɗa masa kuɗin abu, sai ya tambaya buhu nawa ke nan. Yakan ba mu labarin kekensa na farko, wanda ya saya da gyaɗar da jaki biyu suka ɗauka. Da ya tashi saya wa ɗansa irinsa, jaki biyar suka yi dako. Keken bai ƙara girma ba, in ji shi, gyaɗar kuma ba ta ƙanƙance ba. Wasu ne can bayan teku ke gyara mudun, da wanda suke auna namu da wanda suke auna nasu, kuma ba a kiran mu ranar gyaran. Lokacin mun ɗauka zancen tsofaffi ne.

Sai ga shekarar da manyan motoci suka fara tsayawa a bakin hanyar Lakwaja. Mutane ne da sikeli da sababbin buhuna, riɗi suke nema, sun ce jirgin ruwa za a loda wa zuwa ƙasashen waje. Abin da suka biya bai taɓa shiga kunnen kowa ba. Daga 'yar gayaunarsa kaɗai Baba Babba ya sayi rediyo da agogon hannu, har da canji. Tun daga nan barci ya ƙi masa daɗi. Ya je Kaduna ya ga injin niƙa, ya tambayi kuɗinsa, ya dawo da lissafi a ka. A ƙauyenmu babu inji. Mata ko su durƙusa kan dutsen niƙa, ko su taka har cikin garin Abaji. Ya ce in aka shuka riɗi a gandu damina ɗaya tak, za a sayi injin, a sayi dawar shekara da abin da ya rage. Mahaifina ya goyi bayansa.

Kakata ba ta yi dogon zance ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwon riɗi ba. Kakana ya yi wata guda yana ƙi. Ya yi istihara, ya sake yi. Na daɗe ina tunanin abin da ya karya masa gwiwa, kuma ina jin gwiwoyin kakata ne. Shekara arba'in kan dutsen niƙa sun sa sai an kama ta take miƙewa daga sujada. Wata rana a zaure ya kira 'ya'yansa ya ce:

"Damina ɗaya. Rumbun ajiya kuwa, ba mai taɓa shi."

Rumbun ajiya shi ne na bayan gida, cike da dawar bara, wanda ba a buɗewa sai shekara ta ɓaci.

Daminar ta yi kyau, har ta so ta yi yawa. Riɗin ya tashi ya yi fure fari sol, ƙudan zuma suna ta kuka a ciki. Amma akwai abin da ban iya faɗa ba sai da na girma. Gonar ta yi fili da yawa. Da, in ka shiga cikin dawa, karan yakan rufe ka, ba ka ganin kowa. Wannan shekarar kana tsaye a tsakiyar gandu kana hango motoci a titi. Tsuntsayen da aka saba tura mu kora ba su zo ba, ba abin da za su ci. Kuma in ka ɗaga ido, gonar maƙwabcinmu fari ce, ta gaba da ita ma fari, har iyakar ganinka. Ashe lissafin da Baba Babba ya yi, kowane gida an yi shi.

Aka yanke riɗin, aka jingine shi ya bushe, aka kife damma kan tabarmi aka kaɗa. Masu sikeli suka zo suka biya fiye da na bara. Ranar an dafa shinkafa a gidanmu ba salla ba, ba biki ba. Baba Babba ya ɗinke kuɗin cikin rigarsa ta ciki ya hau mota zuwa Kaduna.

Kwana shida ba labari. A na bakwai wani direba ya kawo takarda. Da ajami aka rubuta, irin rubutun da kakana ya koya wa 'ya'yansa, ya koya mana. Ya karanta a zaure leɓɓansa suna motsi, ya kai ƙarshe, ya koma farko. Kuɗin injin ya kusa ninkawa. Mai shagon ya rantse ba laifinsa ba ne: da kuɗin waje yake sayowa, namu kuwa ya rage nauyi, kuma kayan da jirgi na gaba zai kawo sai sun fi haka tsada. Baba Babba yana tambaya, ya dawo hannu banza ko a ƙara masa. Riɗinmu ya yi daraja, gaskiya ne, amma injin ya fi shi sauri.

Mahaifina ya ce in an bari, kuɗin da ke hannu ma narkewa za su yi, kuma injin zai mayar da komai cikin wata uku. Kakana ya tambaya cikon buhu nawa ne. Aka faɗa masa. Sai ya tashi ya tafi alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Washegari aka buɗe rumbun ajiya.

Injin ya iso, gari ya taru. Makonni na farko ƙararsa ta hana kowa jin kiran kowa, kakata ta zauna kan kujera 'yar tsugunno tana kallon gari yana zuba, tana dariya. Na gode Allah da ta ga wannan. Kafin bazara ta yi nisa layin ƙwaryar masu kawo niƙa ya fara gajarta. Ba wanda ke da hatsin da zai niƙa. Duk ƙasar ta koma kasuwa neman dawa a lokaci ɗaya, mudu ya hau inda ba a taɓa gani ba. Man injin ya yi tsada. Farantan ƙarfen da ke murƙushe hatsin suka cinye, su ma daga waje suke zuwa, su ma sun ninka. Masu sikeli suka aiko cewa wasu ƙasashe sun noma riɗi da yawa, bana kada a sa rai da farashin bara. Aka lulluɓe injin da buhu a ƙarƙashin rumfa, kaji suna hawa kai.

Marka ta same mu ana cin abinci sau ɗaya a yini. An mayar da dawa gandu, amma sai ta nuna tukuna. Kakana bai fasa zama a gindin rumbu da ƙwaryarsa ba, ko da abin da zai auna bai rufe gindinta ba. Ƙanwata ta kwanta da zazzaɓi, ta rame har idanunta suka yi girma. Mahaifiyata tana da 'yan kunyoyin rogo a gayaunarta. Bisa al'ada, in an shiga wahala, abin da ka haƙo tukunyar gida kake kai wa. Ta haƙo, ta duba, ta ga in aka raba wa baki ashirin ko loma biyu yarinyar ba za ta samu ba. Sai ta jera duwatsu uku a bayan ɗakinta ta hura wuta.

Daga zaure kakana ya hango hayaƙi yana tashi wuri biyu. Ya sa aka kira mahaifina.

"Hayaƙin me nake gani a sashenka?"

"Baba, yarinyar ce ba ta da lafiya."

Tsohon ya daɗe yana kallon wajen. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

Na ci rogon nan. Ba zan ɓoye maka ba, na ci ina jin 'ya'yan Baba Babba a bayan danga, ban kira su ba. Kwana biyu bayan haka matar Baba Babba ta jera nata duwatsun. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya zagi wani. Ƙanwata ta tashi, yau tana da jikoki. Amma kafin damina ta gaba an raba gandu biyu, an kafa duwatsun iyaka. Kakana ya ƙara shekara uku a duniya. Kowane sashe yana aika masa da kwanon tuwonsa, shi kuma sai ya juye su cikin akushi ɗaya kafin ya yi bismilla.

Yanzu ni ne a ɗaya gefen mudun. Kwanon rufi nake sayarwa, da makullai da ƙusa, mafi yawansu daga jirgi suke saukowa. Da, sai takarda ta yi kwana bakwai. Yau wanda ke ba ni kaya yakan bugo waya tsakanin hantsi da azahar ya ce kada in sayar a farashin safe. Manoma suna shigowa da fara'a, sun sayar da riɗi ko waken suya da tsadar da iyayensu ba su yi mafarki ba, su fita da rabin rufin ɗaki. Na kan ji a rediyo ana murnar abin da ƙasa ke fitarwa ya yi daraja. Ba na jin ana faɗin abin da zai iya sayowa.

Makon jiya ƙanina, wanda ya rage a ƙauye yana noma kasonmu, ya kira ni. Ya ce yanzu masu saye ba sa jiran kaka, tun kafin ruwan fari suke kawo iri da maganin feshi har gona. Ya yi ta yabon yadda riɗinsa ya yi fure. Sai can ƙarshe, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce in da hali, Yaya, a aiko musu da buhun dawa, ta ƙauye ta fi ta Abuja tsada.

Na saya, na kai tasha. Direban motar Abaji ya cicciɓa buhun ya tura bayan kujera, inda na ga wasu irinsa a jere. Ya share gumi ya ce:

"Oga, naka shi ne na huɗu yau. Duk gona ake kai su."

Na tsaya har motar ta hau titi ta nufi kudu. Allah ya sa mu ga kaka lafiya.