Gimbiya ta yi fure a Bin Omran

Duk wanda ya san zafin Doha, inda murfin mota kan ƙona hannu, zai ce Veronica ta ɗauko Dala ba gammo. Nas ce 'yar Jos, tana haya a unguwar Bin Omran, ta kuma ƙudiri aniyar raya haidaranjiya, furen nan mai curi-curi da ba ya son rana, ba ya jure ƙishirwa. Gimbiya mahaifiyarta take kiran shukar, saboda tsabar iyayinta.

Reshe guda Veronica ta taho da shi bayan jana'izar uwar. Wanda ya sayi gidansu ya tumɓuke sauran, ya malale tsakar gidan da siminti. In wannan ya mutu, shi ke nan, babu wani abin da hannun Mama ya dasa da ya rage.

Ruwan famfo ya soma mayar da ganyen rawaya, sai ta kafa bokiti a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki tana tarar ɗigon da kowa ke bari ya bi rariya. Da zafi, Gimbiya ke da gindin taga, mai ɗakin ta takure a lungu. Da sanyin Janairu kuwa a fitar da ita baranda ta sha iska. Maƙwabciyarta Safiyyatu, malamar jami'a, takan tsokane ta cewa ko jinjiri bai samu wannan gata ba, amma ita ke riƙe da makulli, ita ke ban ruwa in Veronica tana asibiti.

Shekara ta bi shekara, ganye sai ka ce alayyafo, fure ko ƙyallinsa.

Wata safiya a watan Maris ta dawo daga aiki ta tarar da Safiyyatu tsugune a baranda, kofin ban ruwa a hannu, ta manta da zuba ruwan. Wani ɗan koren kai da ya ɓullo a kan shukar, wanda Veronica ta ƙi sa wa rai, ya buɗe, ya fi dunƙulen hannu, ƙananan furanni sun cunkushe ba masaka tsinke.

"Tabarakallah," in ji Safiyyatu a hankali. "Sista, a wannan saharar?"

A Jos shuɗi yake yi, nan ya fito ruwan hoda. Safiyyatu ta ce ƙasa ce ke juya launin, shukar dai ita ce. Veronica ta durƙusa kusa da furen. Ta zaro waya don ta nuna wa mai shukar. Sai da ta lalubo lambar Mama sannan ta tuna.