Kawu da Tukunyar da Ba Gishiri

Ƙanen mahaifiyata mai washin wuƙa ne, kuma tun yana saurayi a tsohon titin kasuwa yake aiki. Titi ne matsattse, masu gidajen abinci kowa da ƙasar da kakansa ya fito. Shagon mai kayan yaji na jingine da na mai ɗinkin labule, gaba kaɗan masu zane sun cika bango da launi. Kawu ba shi da shago. Keke gare shi da dutsen washi ɗaure a baya. Ta ƙofar baya yake shiga kowane kicin, a miƙo masa wuƙaƙe, a biyo shi da farantin abinci. A harshe biyar ya iya cewa "ƙaro min", daga nan kuma ba ya jin komai.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata rana a bakin rumfar mai kifi. Da aka sallame shi daga asibiti, likita ya ce ba gishiri, ba mai. Na je duba shi ina zaton zan same shi kwance, sai ga shi yana fito da keke.

"Kawu, ba hutawa aka ce ka yi ba?"

"Hutawa aka ce, 'yata, ba mutuwa ba. Taho ki ga titina."

Muka bi titin tare, ashe labari ya riga mu. Mai gashin nama na hango mu ya rufe tirensa da takarda. Mai burodi ta ba shi wanda ta gasa masa na musamman, ya gutsura ya ce ko katifa ta fi shi ɗanɗano. Tsohuwa mai miya, wadda ta fi kowa ciyar da shi, ta fito da dafaffen kabeji fari fat.

Kawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wato kun haɗa baki. Ku da ko kan sharar ƙofa ba ku taɓa shiryawa ba."

"In ka mutu wa zai wasa mana wuƙa?" in ji mai miya. "Ci ka ba ni kwanona."

Mai kayan yaji ne ya tausaya masa. Ya tsallako titi da 'yar leda, ya barbaɗa masa dakakkiyar tafarnuwa da citta a kan kabejin, ya matsa lemun tsami. Kawu ya cinye, har ya suɗe hannu. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce citta ce ta yi yawa.

Yana nan har yanzu, ya rame, sai da ya ƙara huda a bel ɗinsa. Kusan kowane kicin na ajiye masa 'yar tukunya marar gishiri daban, har wasu baƙi sun fara tambayarta. Mai gashin nama ne kawai Kawu bai yafe wa ba. Wuƙarsa ce ta ƙarshe da yake wasawa, yana yi yana hararar tiren.