Kwalbar da Gwaggo Luba ta ba ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wanke-wanke bayan la'asar ranar Talata aka kira Baba daga Ƙofar Marke, aka ce Allah ya yi wa ƙanwarsa Gwaggo Luba rasuwa. Kowa ya sa kuka. Ni kwalba ce ta fara faɗo mini a rai.

Gwaggo ma'aikaciyar ɗakin bincike ce, tana nazarin ƙashi. Ni ban daɗe da gama firamare ba, amma ba ta taɓa cewa na yi ƙanƙanta da tambaya ba. Takan ce, "Ƙashi ba dutse ba ne, ɗiyata. Magina na cikinai, kuma jiki na aika musu saƙo su ƙaru." Ta ce akwai sinadari a ruwa mai suna fuloraid. Kaɗan ɗinsa yana ƙara wa wannan saƙo ƙarfi. In ya yi yawa sai maginan su yi gini barkatai, ƙashi ya yi kauri amma ba ƙwari, haƙora su yi dabbare-dabbare.

Haƙorana haka suke. A makaranta "Hajiya mai goro" ake ce mini, shi ya sa nake rufe baki in zan yi dariya. Gwaggo kaɗai ke janye hannuna. "Mi kinka sata da kike ɓoyo? Buɗe in gani."

Bara ta zo gidanmu a Dundaye, ta duba bakina da na ƙanwata Nana. Ta ba ni kwalba ta ce in cika ta da ruwan rijiyarmu, za ta auna. Rijiyar nan Baba ya haƙa ta sadaka, duk unguwa nan ake ɗiba. Na ji tsoron a ce rijiyar Baba ce ta ɓata haƙoran yaran mutane. Sai na sayi ruwan leda na juye a ciki.

Bayan mako biyu ta dawo. Ta ce, "Ruwanku lafiya lau. To daga ina abin ga ya hito?" Ta daɗe tana kallona, ni kuwa ina kallon ƙasa. Ba ta tuhume ni ba. Ta koma tana binciken kanwar da muke sa wa a miya da man goge bakinmu, tana ta wahala ga ciwon da ya kama ta, ina gani na ɓoye mata gaskiya. Sau uku na je gaishe ta a asibiti da niyyar faɗa, kunya ta hana ni.

Takan ce, "Awo ba ya ƙarya, sai in an yi mishi." Ni ce na yi masa.

Nana tana famfara yanzu, sababbin haƙoranta sun fara fitowa da fararen tabo. Ranar sadakar uku na faɗa wa Baba komai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko guga da kansa, muka cika kwalba, ya kai wa wata abokiyar aikin Gwaggo. Kafin sakamako ya fito ya rufe rijiyar da kwano.

Gwaggo, ban nemi gafararki kina da rai ba. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa iliminki ya bi ki. Allah ya ba Baba da 'ya'yanki haƙuri, ya tsare ƙashin Nana. Ni kuma Allah ya yafe mini. Amin.