Kifin cikin randar Baba

Babana masunci ne na Tunuga, kuma yana da hanyarsa ta gwada ruwa. In aka cika randa, sai ya saki ɗan ƙaramin kifi a ciki. In kifin ya wayi gari yana iyo, ruwa ya shawu. Haka ya gada, haka ya tashe mu, ba wanda ya taɓa yi masa gardama.

Da ƙafafunsa suka gaza na ɗauko shi zuwa gidana a Gaya. Ruwan pampo kuwa, ya ƙi shan shi ƙememe.

"'Yar nan, wannan warin zabel na wanki yake. Ni tufafi ne da za ki wanke?"

Kwana uku yana ɗan kurɓa yana tofarwa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kuma ba na son ganin leɓen tsoho a bushe. Damina ce, ana ta maganar amai da zawo a rediyo, na ji sarai. Na hau kabu-kabu da bido biyu, wato jarka, na ɗebo masa ruwan kogi, har da kifinsa a gwangwani. Na juye a randa na saki kifin. Da safe kifi na ta wasa. Baba ya sha moɗa biyu, ya sa mini albarka.

Jibin ranar muna gidan likita, Baba na amai da zawo, an ɗaura masa ƙarin ruwa hannu biyu. Na tare manjo, babban ma'aikacin wurin, da faɗa, na ce ai kifi bai mutu ba.

"Hajiya, ba zai mutu ba," in ji shi, a gajiye. "Ƙwayar kwalara ba ta yin dafi a cikin randa. Zaune take shiru. Sai ta ji ɗumin cikin mutum, ta kai hanji, sannan ta fara zubo dafin. Ta san inda take."

Na yi ta juya maganar. Ashe abin da ido ba ya gani ya san bambancin randa da cikin ubana, ni da na yi lakwal, na yi boko, ban sani ba.

Baba ya cika kafin la'asar. Ba su bari mun yi masa wanka da hannunmu ba.

Mutane suna ce mini kwanansa ne ya ƙare, ina cewa haka ne. Amma ni na ɗebo ruwan, kuma wannan ba zai bar ni ba. Da aka watse daga zaman makoki na buɗe randar don in zubar. Kifin yana nan da ransa, yana zagayawa.